Maganin Jiki da Ragon Kawu Ilu

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu Ilu ya san gaisuwarsa ba ta ƙarewa a tafin hannu. Zai miƙo dama ku yi musafaha, hagu kuwa ta riga ta zagaya ta damƙi gadon bayanka ta matsa, kamar dai yadda yake yi wa ragunansa a karar Dei-Dei, kasuwar dabbobin Abuja. In ya ji tsoka sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ana ci, ana ci!" In ya ji ƙashi kuwa ransa ya ɓaci ke nan: "Kai, wa ke riƙe da kai?" Liman bai tsira ba, masu karɓar haraji ba su tsira ba. Mata kaɗai ya ɗaga wa ƙafa, su da ido yake auna su.

Ni na fi kowa shan wannan damƙa, don ni kiwonsa ne. Mahaifiyata Ladi ƙanwarsa ce. Da ta rasu aka kawo masa ni daga ƙauye ina ɗan firamare, wuya kamar mariƙin lema. A ranar ya raɗa mini Tsinke, ya kuma yi alkawari ba wanda zai sake kallona ya ce ga maraya. Ya ɗura mini fura, ya ɗura mini romo, ya ɗura mini duk abin da ya samu. Na girma na zama ƙato, ɗaura igiyar takalmi ma sai na riƙe numfashi, amma sunan bai canza ba.

Kunyar farko da ya ba ni a bainar jama'a ranar walimar ƙarin girmana ce a ma'aikatarmu. Ban gayyace shi ba, ya zo. Daraktanmu, mutum ne mai cika ƙofa, ya miƙa masa hannu cikin mutunci. Na hango hagun Kawu ta tashi, na fara salati a zuci.

"Masha Allah!" in ji Kawu, yana matsa bayan mutumin. "Ranka ya daɗe, wannan ba kumburi ba ne, kitse ne mai asali. Me ake ba ka?"

Darakta ya juyo ya dube ni. "Malam Bala, wane ne wannan?"

"Kawuna ne, yallaɓai."

"Ni na kiwata shi," in ji Kawu. "Tsinke, juyo. Taɓa ka ji, ranka ya daɗe!"

Wallahi don ruɗewa sai da bawan Allah ya taɓa. Daga ranar har masinja Tsinke yake ce mini in na ba da baya. Kawu kuwa ya koma kara ya zaɓi ragon da ya fi kowanne faɗin ƙirji ya sa masa suna Darakta.

Abin da Kawu bai sani ba shi ne jikin nan ya zame mini kaya. Gwiwoyina sun ƙi. In na'urar hawa bene ta lalace a ofis, sai in yi ta tsayawa a kan matakala ina yin kamar saƙo nake dubawa a waya. Abin da ya fi ci mini rai, na koma yin sallah a kan kujera, a gefen sahu, ni da tsofaffin da suka yi jika da ni. Amma ta ina zan fara gaya wa Kawu? Ƙibata ita ce shaidarsa cewa ya riƙe amanar 'yar'uwarsa. In na ce ba na son ta, kamar na ce masa bai iya riƙo ba ne.

Ana haka labarin allurar rage ƙiba ya cika ofis, wadda ake yi sau ɗaya a mako. Na lallaɓa wani babban kantin magani a Maitama, inda na tabbata ba wanda ya san ni, na raɗa wa matar da ke wurin sunan allurar. Ita kuwa ta ɗaga murya kamar mai kiran fasinja.

"Oga, na rage ƙiba ko? Ina takarda na likita? Ba takarda, ba magani fa!"

Duk kantin aka juyo, aka dube ni daga sama har ƙasa. Na sayi man zafi na fito. Likita kuma ba zan iya ba. Zuwana na ƙarshe asibiti, nas ta ɗora ni a sikeli ta faɗi nauyina da ƙarfi, wani tsoho a kan benci ya ce, "La haula!"

Sai wani abokin aiki ya haɗa ni da wata mata a waya, wadda ba ta tambayar takarda. Aka kawo mini a tashar Nyanya cikin kular askirim, na karɓa ina waige-waige kamar mai sayen kayan sata. Abin kamar biro yake, kuma sai an ajiye shi a sanyi. A gida matata za ta gani ta tambaya. Sai na tuna Kawu yana da ɗan firji a rumfarsa inda yake ajiye rigakafin dabbobi, kuma dama duk Asabar ina zuwa gaishe shi.

"Wannan fa na mene ne?" in ji shi, yana jujjuya biron.

"Na jiki ne, Kawu. Manyan Maitama ke yin sa."

Ku da kuka san shi kun riga kun gane inda na yi wauta. A kunnen Kawu Ilu, maganin jiki ma'ana ɗaya gare shi: abin da ke sa a yi jiki. Ga shi ya san manyan Maitama, ya taɓa bayansu da hannunsa.

Layya ta matso. Ran nan muna tsakiyar taro a ofis, Darakta na gaske yana zaune a kan tebur, wayata ta yi ƙara. Na ɗauka da niyyar in ce zan kira. Kawu kuwa bai taɓa yarda cewa waya na kai murya da kanta ba, sai ya taimaka mata.

"Tsinke! Zo maza! Darakta ya ƙi cin dusa! Ko harawa na ba shi sai ya kau da kai, kashinsa ma ya canza!"

Darakta ya ajiye biskit ɗin da ke hannunsa a hankali. Har yau ban san yadda na kai bakin ƙofa ba.

Na tarar da ragon a turke, yana kallon kwanon dusa kamar an zage shi. Dillalai sun kewaye shi kowa na faɗin nasa. Kawu ya ja ni gefe, gefen da kowa ke ji.

"Na ɗan sam masa maganin nan naka. Wata Hajiya ta ce in ajiye mata shi, na ce bari ya ƙara cika ido. Na murɗa abin har ƙarshe, tunda ya fi ka aiki."

Ba yadda zan yi. Na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, na rage ƙiba ne."

Kara ta ɗauki dariya. Wani har da faɗuwa a kan buhun ƙaiƙayi. Kawu kaɗai bai yi ba. Ya dube ni, ya ce a hankali, "Kiwon nawa ne ya yi maka yawa?"

Gara a ce marina ya yi. Nan na gaya masa zancen gwiwa, da matakala, da kujerar masallaci. Da ya ji kujerar sai ya cire hula ya mayar.

"Rabonka da sa goshi a ƙasa?"

"An jima, Kawu."

"Wa ya rubuta maka maganin?"

"Babu."

"Babu! Ka sayi allura a tasha ka tsira wa jikinka? Ko dabba ba a yi wa haka!"

Na ɗaga kai na dubi ragon. Shi ma ya dube shi.

"Wannan daban," in ji shi. "Shi dama yanka shi za a yi."

Ba a yanka shi ba. Kawu ya ce ba zai sayar wa baiwar Allah naman da bai san abin da ke cikinsa ba, ya kira ta ya gaya mata gaskiya, har da sunana da wurin aikina. Ragon ya warware bayan 'yan kwanaki, ya ci gaba da cin dusa a banza.

Washegari ya tasa ni gaba zuwa asibiti, yana tafe a bayana don kada in zille. Likitar ta sa aka gwada jinina, aka ga suga ya hau. Ta yi mini faɗa son ranta, ta ce abin da na saya ba wanda ya san me ke ciki, kuma ko na gaskiyar ne, da kaɗan ake farawa ana lura da mutum. Kawu yana gefe yana cewa, "Ƙara masa, likita." Da ta ɗauki biro za ta rubuta sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya tukuna, 'yata. Naman da zai zube, ina zai je?"

"Narkewa zai yi, Baba."

"Haka nan kawai? Ba wanda zai amfana?" Ya tafa hannu. "Asara!"

Shi ya karɓi takardar ya sa a cikin hularsa. Ya ce in kai shi kantin da aka kore ni. Ya shiga da warin kara a rigarsa, ya shimfiɗa takardar a gaban matar nan ya ce, yadda na bakin titi ma zai ji, "Ga takarda! Ba wa ɗana maganin rama!" Na sake sayen man zafi don in samu inda zan sa idona.

Maganin ya karɓe ni. A hankali riguna suka yi mini yawa, na mayar wa masallaci kujerarsa. Amma wani abu ya canza. In na je gaisuwa Kawu zai miƙo dama, hagu kuwa sai ya maƙale ta a bayansa. Yana damƙar kowa a kara, ban da ni. Abin da na yi shekaru ina jin kunyarsa, da aka daina sai na ji kamar an cire ni daga gidan.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, shi ne ya koma tsinken. Ranar da na je duba shi ta ƙarshe na jera riguna a ƙarƙashin babbar riga, wai don kada ya ga yadda na zube ransa ya ɓaci. Na durƙusa a bakin gadon, ya lura da durƙuson. Can sai na ji hannun hagun nan ya lallaɓo, ya bi ta ƙasan rigunan, ya sami gadon bayana. Ba ƙarfi a yatsun, amma ya matsa. Ya ji ƙashi.

"Wa ke riƙe da kai?" in ji shi.

"Kai ne, Kawu."

"Ƙarya kake, har da cikon riguna kamar ragon da aka ɗura wa ruwa." Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa sai ya ce, "Yanzu in na je, me zan ce wa Ladi?"

Hannun bai bar bayana ba.

"Goshin yana kaiwa ƙasa?"

"Yana kaiwa, Kawu."

"To shi ke nan. Zan ce mata da takardar likita aka yi."

Allah Ya jiƙan Kawu Ilu, Ya haɗa shi da ƙanwarsa a inuwa mai sanyi. Ranar da za a ɗora ayyuka a sikeli, Allah Ya sa nasa su yi nauyin da yake so wa kowa. Ni dai duk sujadar da na yi yana cikinta.