Ruwan da Na Zuba a Gwangwanin Baba

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba na jin zan manta da abin da na aikata a Kafanchan shekarar da aka yi wahalar kananzir, ana saura kwana biyar Kirsimeti. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Gidan haya muke lokacin, ɗaki shida tsakar gida ɗaya. Ɗakin da ke kallon nawa na wani tsoho ne da ya yi ritaya daga reluwe, kowa Baba yake ce masa. Ɗansa da ke aiki a Legas ya aiko masa da wata ƙaramar jar mota mai rimot da doguwar eriya, wai ya ba jikoki. Ina! Baba ya riƙe abarsa. Da la'asar zai fito da kujera yana tuƙa ta tsakanin turmi da bokitai, yaran gida na ihu, mu manya muna ɗage ƙafa.

Lokaci-lokaci sai ya shimfiɗa farin ƙyalle ya kwance tayoyin, ya ciro abin da yake kira boris. Wasu 'yan zobba ne na ƙarfe masu ƙwayoyi a ciki kamar gero, su ke sa taya ta juya. Zai jiƙa su a kananzir cikin gwangwanin madara, ya goge da tsohon burushin haƙori, ya shanya. In sun bushe sai ya soka kowanne a bakin fensir, ya murza, ya kara a kunne yana lumshe ido. Daga nan sai man keken ɗinki, wanda a wurina yake karɓa. "Ɗigo ɗaya kawai, Madam," in ji shi. "In ka sa biyu zai kwashi ƙasa." Shi a bakinsa mace da namiji duk "ka" ne, mun saba.

Ran nan ya jiƙa su ke nan aka aiko ƙaninsa ya rasu a Samaru Kataf. Ya miƙo mini gwangwanin da murfinsa. "Ajiye mini inda yara ba za su kai ba. Na yi musu alkawari motan zai yi gudu ran Kirsimeti." Na sa a ƙarƙashin gado.

Washegari dangin maigidana suka dira daga Kasuwan Magani, ba sanarwa. Na ɗora shinkafa, tana tsakiyar tafasa risho ya mutu. Gawayi ya ƙare. Na aika wurin Mama mai kananzir, wata 'yar Nok da mijinta ya rasu, tana sayarwa a kwalabe a ƙofar gidanmu, da shi take ciyar da 'ya'ya huɗu. Aka ce nata ma ya ƙare tun jiya. Sai zuciyata ta tafi ƙarƙashin gado. Na tsiyaye kananzir ɗin Baba tas a risho, na cika gwangwanin da ruwan randa, na mayar da murfi. A raina na ce ai duka biyun farare ne, kuma ƙarfe ne, ruwa wanke shi ma zai ƙara yi, in kananzir ya zo na mayar. Kananzir bai zo ba.

Ana gobe Kirsimeti Baba ya dawo, ya shimfiɗa ƙyallensa, yara suka zagaye shi. Da ya buɗe gwangwanin sai ga ruwa ja kamar na kududdufi. Ya ɗauki boris ɗaya ya soka a fensir, ya murza, ya ƙi motsi. Tsatsa ta cinye su. Ya tsoma yatsa ya shinshina. Ni ina bakin ƙofata riƙe da tsintsiya, ina jira ya kalle ni. Bai ko kalle ni ba. Ya miƙe ya nufi ƙofar gida.

"Mama! Ruwa ka sayar mini? Ni?"

Ta fito tana gyara ɗankwali. "Baba, ruwa kamar yaya? Kai dattijo ne a coci namu, zan cuce ka? Ubangiji yana gani na!"

Ya nuna mata gwangwanin a gaban jama'a. Nan take wata ta ce dama fitilarta na tartsatsi kwana biyu, wata ta ce rishonta na hayaƙi. Kowa ya samo abin faɗa. Ni da na san gaskiya na ci gaba da share wurin da ya riga ya sharu. Har wata ta ce, "Ke ba ki ce komai ba," na ce, "Hmm, Allah ya kyauta."

Da safe aka kawo wa Mama jarka sabuwa, ta jera kwalabe, ba wanda ya tsaya. Ina leƙe ta labule ina ganin mutane na wuce ta zuwa bakin tasha.

Da azahar na ji sallama. Ita ce, idanu a kumbure, ɗauke da kwanon shinkafa da naman kaza, kamar yadda take kawo mini duk Kirsimeti ni kuma in kai mata da Sallah. Har ta ce, "Mai gidanki ne ya yanka kazan, ki ci ba damuwa. Maman yara, ke kaɗai ba ki zage ni ba a gidan nan. Allah ya sa miki albarka."

Wallahi da mari ta ba ni da ya fi mini sauƙi. Na ajiye kwanon, na riƙo hannunta har tsakar gida, na kira Baba, na kira kowa, na faɗi komai ina kuka. Na durƙusa wa Baba, ya ce, "Tashi, ba ni za ka roƙa ba, ni ma mai laifi ne." Ya cire hularsa ya tsaya gaban matar nan da a shekaru ya haife ta, ya ba ta haƙuri, ya ce ran Lahadi zai maimaita a coci.

Ita kuwa kallona ta yi ta yi. Can ta ce, "Da kin zo da kanki kin ce mini shinkafa yana kan wuta, da na juye miki na fitilana." Ta shige ɗakinta. Ta yafe daga baya, ciniki ma ya dawo, amma ta fi wata uku ba ta zauna a tabarmata ba, kuma ban ga laifinta ba.

Abin da na koya shi ne, zuba ruwan kuskure ne na mai ƙaramin sani, da na faɗa tun a ranar da faɗan Baba kawai zan sha. Shirun da na yi ana tozarta baiwar Allah a gabana, shi ne laifin. Tun daga ranar, in na yi ɓarna nakan faɗa da bakina, tun kafin a fara neman wanda za a ɗora wa.