Akushin Hamma

Hamma Bafillace ne da annobar bushiya ta ƙarar masa da shanu, ya zauna a unguwarmu, can bayan Gafasa, yana noman gero. Da rani in ma'aikatan hukumar En'e sun zo yi wa shanu allura, shi ake kira ya kayar da sa ya danne. Iyakar karatunsa ke nan, sai abin da ya taso da shi a ruga. Shekara bakwai ya yi a cikinmu kafin dattawa su ce ya riƙa fito da akushinsa ciyayya, inda magidanta ke haɗa tuwonsu su ci tare a ƙofar gidan Malam Datti. Ga baƙo, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wata marka aka kwana uku ruwa bai ɗauke ba. Da hantsi aka ga wani kare a bakin kududdufi, rabin jikinsa cikin laka, haƙarƙarinsa duk a waje, yawu na dalala. Ba mai shi. A shekarar an yi shela daga Gaya cewa duk karen da ba lamba a wuyansa a kashe shi, saboda hauka. Mutane suka taru da sanduna.

"Mahaukaci ne," in ji Datti. "A miƙo mini taɓarya."

Hamma ya tsuguna ya taɓa cikin kunnen karen. "Sanyi ne da yunwa, Malam. Ko rawar ɗari ya kasa yi."

"Ku ji likita! Shanunka nawa ka warkar?"

Aka yi dariya. Hamma ya fara tuɓe riga.

"To, saurara," in ji Datti. "Hannun da ya ɗauki wannan ƙazanta, kada mu ƙara ganin akushinsa."

Hamma ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya naɗe karen a rigar ya wuce gida.

Yadda ake yi wa maraƙin da aka haifa cikin ruwan sama ya yi masa. Bai kai shi bakin wuta ba. Ya goge shi da busasshen buhu, ya sa matarsa Kubura ta ɗumama dusa a tukunya, ya ƙulla a tsumma ya jera masa a ciki da hammata. Da ta kawo ɗumamen tuwo ya hana, ya ce cikin da ya daɗe ba komai, ƙoshi ne ke kashe shi. Madara mai ɗumi da ɗan zuma ya riƙa ɗiga masa a harshe da yatsa. Wajen la'asar karen ya soma karkarwa, Hamma ya yi hamdala. Can karen ya ɗaga kai ya lashi ruwa a wani tsingaro. Kowa ya san mahaukacin kare ba ya shan ruwa.

Bayan magariba Hamma ya fito da akushinsa ya ajiye cikin sauran. Ba wanda ya ɗaga murfin.

"Wa ya san wanda ya riga mu lasa?" in ji Datti.

"A tsingaro ya sha, Malam."

"Waye shaidarka? Kare?"

Dangar kara ce tsakanin gidana da na Hamma, kuma marka ta buɗa ta a wurare da yawa. Da idona na ga tsingaron. Amma lokacin akwai loma a bakina.

Washegari Kubura ta wanke akushin sau bakwai a bakin rijiya, har da ƙasa, mata suna kallo. Ya fito a cike, ya koma a cike. A kwana na huɗu bai fito ba.

Hamma ya yi tattaki har Gaya ya karɓo wa karen lamba. Karen ya shekara tara yana kwana a bakin zaurensa. A zauren nan Hamma ya riƙa cin tuwonsa shi kaɗai, har Allah ya karɓi abinsa.

Akushin yana nan wajen jikokinsa, baƙi ne, mai ɗauri a baki. In na je gaishe su, a ciki suke kawo mini tuwo. Ina ci.