Rijiyar da Mode Ya Haƙa da Damina

Mode mai rijiya maƙwabcina ne a Dingyaɗi, katangarmu ɗaya. Ni tela ne, ina zaune a inuwa ina taka keke, shi kuwa rabin rayuwarsa a ƙarƙashin ƙasa ya yi ta. Gajere ne kakkaura, kullum da jar ƙasa a gemunsa ko da ranar Juma'a ce. Nakan tsokane shi in ce ranar da ya mutu ba zai yi baƙunta a kabari ba. Sai ya yi dariya ya ce, "Kai dai ɗunka likkahwanin da kyau."

Daga Boɗinga har ƙauyukan Shagari, in aka ce rijiyar Mode ce, ba a tambayar ko tana ƙafewa. Ba ya sa dagi a ƙasa sai da bazara, lokacin da ruwa ya gudu can ƙasa. Wanda ya cim ma ruwa a lokacin ya cim ma idon ruwa na gaskiya. Da damina kuwa ƙasa a ƙoshe take, kana haƙa kaɗan za ka tarar da ruwa, amma ruwan sama ne ya maƙale, rani na shigowa zai tafi abinsa. Ko dagaci ya aiko masa da damina, Mode ba ya zuwa.

A zaɓen 1983 wani dillalin albasa, Alhaji Maniru, ya fito neman kujerar majalisar dokokin jiha a mazaɓarmu. Ni na ɗinka masa tutoci. Akwai wani ƙauye da ya tsaya masa a maƙoshi, Tungar Malami. Rijiya ɗaya ce a tungar, tsohuwa mai zurfi, tana ƙofar gidan Malam Attahiru, jagoran 'yan adawa. Duk wanda ya zo jan ruwa sai ya gaishe shi, shi kuma sai ya ɗora masa bayanin jam'iyyarsa. Alhaji ya ga ba yadda zai shiga tungar sai da tasa rijiyar, sai ya zo har zauren Mode ana tsakiyar damina.

"Ranka shi daɗe, ba a ginar rijiya da damana," in ji Mode. "A bari hab bazara."

"Zaɓe ba shi jiran bazara, Mode. Ruwa nika so a gani kahin a jeha ƙuri'a. In nic ci, kujeram Makka taka ta."

Mode ya manyanta, gwiwoyinsa sun fara ba shi labari, kuma ba abin da yake so a duniya kamar ya ga Ka'aba. Da Alhaji ya tafi, Mode ya leƙo shagona ya ce, "Tsohuwar rijiyarsu tana nan, ba wanda za shi rasa ruwa. Wagga ta kallo ta. Bazara na yi in koma in ƙara mata zurhi." 'Yarsa Safinatu ma a tungar take aure, tana goyon 'yarta Khadijatu, don haka ban yi zaton zai bar su a wahala ba. Daga ranar na fara kiransa Alhaji, yana hararata.

Bai daɗe yana haƙa ba ruwa ya ɓuɓɓugo. Aka zo da motoci da kalangu da lasifika, Alhaji Maniru ya sha gugan farko aka yi ta tafi. Dattawan tungar ba yara ba ne, sun san halin ruwan damina. Malam Attahiru ya ratso taron, ya tsaya gaban Mode.

"Mode, ban yarda da mai motan nan ba, kai niy yarda da. Wanga ruwa ido na, ko ruwan sama na?"

Alhaji Maniru na tsaye a gefe. Mode ya dubi ƙasa ya ce, "Ido na."

Shi ke nan magana ta ƙare. Tunda Mode ya faɗa, ba wanda ya sake tambaya. Tungar ta juya, Alhaji ya ci zaɓe.

Bayan an faɗi sakamako muka tafi tungar tare, ni zan kai ɗinki, shi zai ga jikarsa. Muna zuwa ƙofar gidan Malam Attahiru, Mode ya ja ya tsaya. Babu rijiya. Fili ne a daddaɓe, an kafa tuta a tsakiya, irin wadda na ɗinka da hannuna. Samarin jam'iyya ne, cikin murnar nasara, suka kwashe tarin ƙasar da Mode ya fitar daga sabuwar rijiya suka zuba a tsohuwar. Suka bi da duwatsu da kututture, suka rushe bakinta, wai an gama shan ruwan 'yan adawa. Rijiyar da kakanninsu suka sha, suka binne ta a wuni guda suna waƙa.

Na dubi Mode. Ya durƙusa ya dafa ƙasar da tafin hannu, ya daɗe a haka. Wani saurayi ya zo yana washe baki yana cewa, "Baba Mode, yanzu taka kaɗai muka sha." Ban taɓa jin sha'awar marin mutum kamar ranar ba.

Ruwan sama ya ɗauke da wuri a shekarar, gero ya bushe a tsaye. Ƙarshen shekara soja suka karɓi mulki, aka rufe majalisa, Alhaji Maniru ya koma kan albasarsa, zancen Makka ya bi ruwa. Kafin rani ya raba, guga ya fara fitowa da laka, daga nan ya fara fitowa wayam.

Mode bai jira an kira shi ba. Ya shiga sabuwar rijiyar ya yi ta sara har ya ci karo da wani shimfiɗaɗɗen dutse da dagi ba ya ko kwarzana. Ya koma tsohuwar zai tone ta, sai ya tarar ta rufta ta ciki. Yashi ya zubo masa har ƙirji, da igiya aka jawo shi. Mata suka koma tafiya har wajen Lambara da tulu a ka. Wadda ba ta da ƙarfin tafiya sai ta ɗebo na wani tafki da ya rage, inda shanu ke sha. Gudawa ta shiga yara. Khadijatu na cikin waɗanda ta ɗauka.

Ina wurin zaman makokin. Abin da ya fi ci mini rai, mutane Mode suke tausaya wa. Kowa na cewa fari ne, ikon Allah ne, ko rijiyar Mode ma ta ƙafe bana. Malam Attahiru da kansa ya ce masa ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Sai Mode ya cire hularsa ya ajiye a kan tabarma.

"Ba hwari ba na. Ruwan sama na, ban kai ga ido ba. Na sani tun ran da Malam yat tambaye ni."

Wani tsoho da ke jan carbi ya tsaya da shi a hannu. Can sai muka ji muryar Safinatu daga bayan zana, ba kuka a cikinta.

"Baba, sa'ad da nika kawo maka hura bakin ramin, da Khadijatu a bayana, ka sani?"

"Na sani, ɗiyata."

Muka ji takunta ta koma ɗaki. Kafin damina ta zagayo tungar ta watse, mijinta ya kwashe ta suka yi kudu neman abinci. Motarsu ta bi ta Dingyaɗi, ta tsaya a tasha ana ɗaukar kaya, Mode na tsaye a bakin hanya. Ba ta sauko ba.