Inna Aina'u Mai Karanta Takalma

Lema, buta, na'urar awon jini, ƙullin dafaffiyar gyaɗa. Abin da Inna Aina'u ta ɗauko ke nan jiya, a hanyar da ta ratsa gonakin gero zuwa ƙaramin asibitin ƙauyenmu, kusa da Minjibir. Ranarta ce ta ƙarshe a aikin jinya, kuma ɗanta Kamaruddeen ya riga ya gyara mata ɗaki a Bacirawa, cikin Kano.

A asibitinmu takalmi ke bin layi. Mutum ya yi sammako, ya ajiye wari ɗaya a bakin ƙofa, ya wuce gona. Mai ƙarfi ya riga kowa, mai jin jiki ya zo ƙarshe, wata rana a tashi ba a kai kansa ba. In ka tambaye shi jiki kuwa, ya ce da sauƙi.

Ita ba ta hana takalman ba, raba su ta yi. Masu karɓar maganin hawan jini ta mayar da su ranar kasuwa, rigakafin yara ƙarƙashin darbejiya. Sauran ta bi su ɗai-ɗai kafin a buɗe ƙofa. Layin da ke kaiwa la'asar ya koma ƙarewa kafin azahar.

Mata ba su manta da Hafsatu ba. Da tsohon ciki ta ajiye takalmin mijinta can ƙarshen layi, ana tsokanarta wai ta gaje shi da ransa. Inna ba ta yi dariya ba, ta tambayi ina nata.

"Ya daina shiga, Inna. Amma da sauƙi."

Ta latsa ƙafar, ta gwada jini, ta sa aka wuce da ita Kano nan take. Uwa da 'ya suna nan lafiya.

Inna, ke ce kunnen da ba ya yarda da "da sauƙi". Mun gode. Ma'aikatan asibiti, ku riƙa fitowa kuna duba layi kafin ku zauna.

Jiya da la'asar Kamaruddeen ya iso, ya buɗe wa Inna mota. Ta waiga, ta ga Fauziyya, sabuwar ma'aikaciyar, tana share wari ɗaya da ba a dawo an ɗauka ba. Na Baba Iliyasu ne, shi da bai taɓa fashi ba. Inna ta tura Fauziyya gidansa da sauri, sannan ta rufe ƙofar motar ba ta shiga ba.

"Koma, Kamaru. Ba zan bar garin nan ba sai yarinyar nan ta san takalmin kowa."