Takalmin hawan da Baba ya tsaga

Matso kusa, ja tabarmar nan ka zauna, yau bakina ƙaiƙayi yake yi. Zancen takalmi zan yi maka, kuma kada ka yi dariya, domin takalmi ne ya fitar da kakata daga gidanmu.

A Yelwa na tashi, a unguwar da ke gangaren ruwa, inda ko rigar Sallah ka ɗauko daga adaka sai ka ji tana ƙamshin banda. Babana Basarke ne, ɗan gidan masunta, a cikin jirgi aka yaye shi, da ya manyanta ya koma fataucin kifi. Inna ita ke banda a tsakar gida. Da an sallame magariba sai ta rage wutar, mu kuwa yara mu kewaye murhun, kowa da ƙwaryar tuwonsa, muna jiran Kaka Ige ta fito da kujerarta 'yar tsugunne. Kaka Ige uwar Inna ce. 'Yar Shanga ce, gidan dukawa, masu ɗinka sirdi da kayan doki tun kakanni, kuma ba ta taɓa bari wani ya manta da haka ba. Bayan rasuwar mijinta ta dawo wurinmu da zama. Ba ta son ƙarnin kifi, ba ta son jirgi, ruwan ma kansa kallon raini take yi masa, wai ya cinye gonakin mutane ya kwanta kamar bai yi komai ba. Amma in ta buɗe baki da tatsuniya, har 'ya'yan maƙwabta tsallako danga suke yi.

Ka san yadda surukuta take a wurinmu. Tun da Baba ya auri Inna, shi da Kaka ba su taɓa haɗa ido ba. Ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "mai gidan nan". Shi kuma in zai ambace ta sai ya ce "masu ɗakin kudu". Gaisuwa daga nesa, shi a durƙushe, ita ta juya kai gefe. To mutum biyu da ba sa magana da juna, in ransu ya ɓaci, ta ina faɗan zai fita? Ta kaina yake bi, ni Kulu, babbar 'yar gidan. Ni ce hanyar da kowace baƙar magana take takawa ta wuce.

Wata damina hanyar da Baba ke bi zuwa sansanonin masunta na wajen Ngaski ta lalace, mota ba ta shiga, sai ya sayi doki. Mutumin da bai taɓa hawa komai ba sai jirgi. Fitarsa ta farko ya dawo ƙwabrinsa duk ya saɓule, igiyar likkafa ta ci shi, ciyawa ta yanyanka sauran. Kaka ta leƙo ta ga Inna tana gasa masa ƙafa, ta yi tsaki, ta aika Shanga wurin ƙanenta Bawa. Ba don tausayi ba, in gaya maka gaskiya. Cewa ta yi ba za a ce mijin ɗiyarta yana hawan doki da silifa ba.

Bawa ya zo da kansa. Ya ƙi auna Baba da safe, sai da la'asar, wai ƙafa tana kumbura in ta yini tana aiki. Ya zaunar da shi a kan turmi da wandon da yake hawa da shi, gwiwa a lanƙwashe, ya ɗauko zare. Ya ja daga diddige har cikin lungun bayan gwiwa ya ƙulla, ya zagaya sha-raɓa inda ta fi kauri ya ƙulla, ya koma ɗaya ƙafar ya sake, don ya ce babu mai ƙafa biyu iri ɗaya. Bayan 'yan makonni takalmi ya iso, dogo, jar fata, ɗinki kamar an zana. Kyauta ce, daga gidan surukai.

Baba ya sa. Da ƙyar ya shiga, yana nishi. Ya miƙe, ya taka, ya yi zai zauna, bakin takalmin ya caki bayan gwiwarsa. Da ya tashi cirewa kuwa abin ya gagara, sai da Inna ta riƙe diddige ni na riƙe ƙugunta muka ja, muka zube tare. Yara suka yi dariya. Baba bai yi ba. Ya dubi takalmin ya ce da ni, da ƙarfin da zai kai ɗakin kudu:

"Kulu, in fata ta yi wa mutane ƙaranci ai sai su faɗa a ƙara musu. Ranar kasuwar Shanga zan mayar musu da abinsu."

Daga ɗakin kudu amsa ta fito, ita ma da sunana.

"Kulu, randa takalmin ga yak koma Shanga, tare za mu koma."

Inna ta shige madafa ta yi kamar hayaƙi ne ya sa mata hawaye. Ni kuwa na san Kaka ba ta faɗin abu sau biyu.

Da yammar nan ta fito kamar kullum, sai dai ba ta ajiye kujerarta inda ta saba ba. Ta kai ta jikin zanan da ya raba tsakar gida da rumfar Baba, inda yake zama yana cin tuwo shi kaɗai. Ta gyara zane ta ce, "Ga wata nan ta taso daga tudu, wa ka tarbon ta?" Muka ce mu ne, ta sauka lafiya.

Ta ce wai an yi wani mutum a wani gungu tsakiyar ruwa, wanda duk duniya ba abin da ya sani sai kifi. Rana ɗaya ya ga mahayi ya wuce a gaɓa, sai ya ce shi ma doki yake so. Ya samu doki, ya je wurin baduku, baduku ya auna shi ya ɗinka masa dogon takalmi. Mutumin gungu ya sa, ya ji ya kama shi, sai ya fara ihu wai an ɗaure masa ƙafa. Baduku ya ba shi haƙuri, ya ce sabo ne, ya yi ta yawo da shi a tsakar gida, ya shafa masa man shanu a idon sawu, zai saki. Mutumin gungu ya ce shi bai san wannan ba, a buɗa masa. Aka farke aka ƙara fata. Ya ce a ƙara. Aka ƙara, har takalmi ya koma kamar an sa ƙafa a cikin tulu, aka kuma rage tsawon don kada ya taɓa masa gwiwa.

A nan ta tsaya, ta nuna mu da tsinken da take sakace da shi.

"Ku saurara, ku da za ku girma ku auri mutane. Sabon takalmin hawa, in bai dame ka ba ranar hwarko, ba naka na ba. Shi kama sha-raɓa kamar hannun da ka gaisawa da kai da gaske, yatsa guda ka shiga bakinai, shi ma da ƙyar. Tsawo kuwa sai ya taɓa lungun gwiwa har ka ji haushi, don in idon sawu yat tattare, takalmi sauka shikai, kamar yatsa biyu. Yatsun ƙahwa su yi motsi, diddige shi ɗan ɗaga kaɗan. In yatsu sunka mutu, wannan an matse, a maida. Amma cizon bayan gwiwa? Wanda bai iya haƙuri da wannan, mi ya kai shi bisa doki?"

Bayan zana muka ji an ajiye cokali.

Ta ci gaba. Wai kwanakin farko mutumin gungu har rawa yake yi don daɗi. Sai fata ta fara saki. Takalmi ya zube ya taru a idon sawu, baki ya wangale. In doki ya yi sauri, ƙafa tana yawo a ciki, likkafa ta kuɓuce, sai ya rungume wuyan doki kamar wanda ya ga uwarsa. Yashi ya shiga, ƙaya ta shiga, kwaɗo ya shiga ya yi aure a ciki. Rannan ya zo tsallake wani rafi, ruwa ya cika takalman, suna tafe suna yi masa waƙa, kuma Kaka ta rera ta tana buga cinya:

"Cakwal cakwal, mai gida ya buɗa mu,
cakwal cakwal, kowa ya zo ya kwana."

Muka karɓa, mu marasa wayo, har da tafi. Wai da ya isa gida ya zazzage, sai ga tarwaɗa biyu sun faɗo suna wutsil-wutsil. "Kun gani," in ji Kaka, "mutumin ruwa ko bisa doki ka aza shi, kihi za shi kamowa."

Ba ta kai ga rufe tatsuniyar ba. Muryar Baba ta ratso zana, a hankali, irin muryar da ta fi tsawa ban tsoro.

"Kulu."

Na ce na'am.

"Ki tambayi masu tatsuniya, mutumin nan nasu ya nutse ko ya fita?"

Na dubi Kaka. Ta ce in ce ya fita, da kunya.

"To ya fita," in ji Baba. "Ki gaya musu ina da wa, sunansa Mamman, ba ki san shi ba. Kaf gungunmu ba wanda ya kai shi iyo. Ya sayi takalmin soja a gwanjo, mai igiya har ƙwabri, yana taƙama da shi. Iska ta kifar da jirginsu ana hango gaɓa. Tsofaffi sun fita, mace mai goyo ta fita. Shi da muka ciro shi, hannunsa na kan igiyar takalmin. A gidanmu abin da ƙafa ɗaya ba ta iya tuɓe wa ɗaya a cikin ruwa, ba ma sa shi. Hanyar da nake bi akwai mashigin da sai na shiga jirgi, doki yana iyo a gefe. Ki tambaye su haka ake so a ciro ni?"

Wuta ta yi ƙara. Na ɗauka Kaka za ta yi laushi, don na ga ta daina sakace. Ina. Ta ce:

"Allah shi jiƙan Mamman. Ki ce mai hankali tuɓewa shikai kahin shi shiga jirgi."

"Ki ce wa zai ja mini a bakin mashigi? Dokin?"

"Ki ce wanda bai iya tuɓe takalminai ba, shi koma ma jirginai, a bar doki ga masu shi."

"Ki ce doki da kuɗina na saya, ba gadon kowa ba ne."

Ban faɗi ko ɗaya ba. Ba su ma buƙata, kowa yana jin kowa. Inna ta zo ta kwashe mu, ta yayyafa wa wutar ruwa tun ba a kira isha'i ba.

Baba bai mayar da takalmin Shanga ba. Ina jin shi a ransa gyara ya yi niyya, ya riƙe kyautar surukai, ya kuma riƙe dokar gidansu. Da safe ya zauna bakin rumfa da wuƙar da yake feɗe giwan ruwa da ita, ya tsaga bayan kowane takalmi daga baki har idon sawu. Ya huda ramuka, ya zura igiyar komar kamun kifi, ya yi mata irin ƙullin da masunta ke yi, wanda ja ɗaya yake warware shi. Ya sa, ya taka, ya fizge igiya, ya harba ƙafa, takalmi ya fita. Har murmushi ya yi.

Kaka tana tsaye a ƙofar ɗakinta da buta a hannu. Ta daɗe tana kallon ɗinkin ƙanenta a buɗe kamar cikin kifi. Da ya mayar ma, in ji ta daga baya, da Bawa ya ba wani mai ƙafa irin tasa. Ta ajiye butar ta ce:

"Kulu, ki ce ma mai gidan nan tunda an yanka, sai a yi banda."

Kafin azahar ta ɗaure kayanta. Inna ta durƙusa tana roƙo, maƙwabta suka shigo, Baba ya aiko ni in ce a yi haƙuri, amma bai ce ya yi kuskure ba, ita kuma abin da take jira ke nan. Na raka ta tasha ɗauke da kujerar. Ba ta sake kwana a gidanmu ba. In an yi suna takan zo da safe ta koma da yamma, ta ci abincinta a gidan maƙwabta. Mu kuwa muka ci gaba da zama gaban murhu, Inna ta gwada yi mana tatsuniya, sai ta kai tsakiya ta manta.

Takalmin kuwa duk abin da Kaka ta faɗa sai da ya faru. Kafin lokacin girbi ya zube, ya tattare, igiyar tana cin bayan ƙafar Baba, likkafa tana kuɓuce masa, sau ɗaya har doki ya yar da shi a fadama. Shi kuma ya haye mashigin nan ya fi a ƙirga, ya mutu da furfura a kan gadonsa. Jirginsa bai taɓa kifewa ba, don haka ba wanda zai ce maka tsagar ce ta cece shi, ba kuma wanda zai ce ba ta da amfani.

Na daɗe ina jin haushin Baba, sai da na girma haushin ya koma kan Kaka, yanzu kuwa na raba musu daidai. Ita ta san fata, ta san abin da ya matse yau shi ne zai zauna daidai gobe, kuma na ga gaskiyar haka a abubuwa da yawa da ba takalmi ba. Amma an gaya mata gawa, ta amsa da gatse. Shi kuma ya san ruwa, sai dai da ya aika Shanga ya ce ga tsorona, Bawa baduku ne, da ya san dabarar da zai yi masa ba tare da wuƙar kifi ba. Ba wanda ya tambayi wani, kunya ta hana su magana amma ba ta hana su faɗa ba, mu ne muka tashi ba kaka.

Ni dai ban taɓa hawa doki ba, jirgi ma sai dole. Kai da kake yawo, gaya mini: in ga doki, ga mashigi a gabanka, ga sabon takalmi ya kama ka daidai yadda ya kamata, za ka sa masa wuƙa ko za ka shiga jirgin da shi?