Muryar Malam a kwamfutar laburare

Wasu shekaru can baya wani abu ya same ni da ban taɓa zama na ba da labarinsa ba. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ina faɗa ne 'yata tana rubutawa a wayarta, ta ce akwai masu karantawa.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, a laburaren wata babbar makaranta ya yi aiki nan Zariya. Shi ke kula da manhajar kwamfutarsu, wato abin da ke riƙe da sunayen littattafai da wanda ya ara da wanda ya mayar. In ta tsaya shi ake nema. In lokacin sabunta ta ya zo, sai ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki. Maƙwabta a Tudun Wada in sun tambaye ni aikin Malam, sai in ce gyaran talabijin ɗin littattafai yake yi. Sau ɗaya ya ji ni, ya yi dariya har da riƙe ciki, bai kuma gyara min ba.

Akwai ɗalibai makafi a makarantar. Shi ya buɗe musu sashe a manhajar, ya riƙa karanta musu littattafai da baki, yana ɗaukar muryarsa yana ajiyewa. Daga baya aka samo na'ura mai karanta musu da kanta, aka daina neman nasa.

Bayan na fita takaba, wani yaro abokin aikinsa ya zo gaishe ni. Malam ne ya koya masa aikin, shi kuma ya gaji kujerarsa. Ya ce, "Inna, akwai abin da ya kamata ki ji. Ki zo ofis ranar Alhamis."

Na je. A bakin ƙofa na tuɓe takalmi, mai gadi ya ce in mayar, nan ba masallaci ba ne. Ɗan nan ya zaunar da ni, ya ɗora min abin saurare a kunne. Sai ga Malam yana sallama. Wallahi amsawa na yi. Turanci yake karantawa, ko kalma ban gane ba. Can tsakiya sai waya ta yi ƙara, na ji ya ce, "Na'am. Ina nan tafe. Ki ajiye min ƙanzon, kar yaran nan su riga ni." Ni ce na kira shi ran nan. Mantawa ya yi bai yanke wurin ba.

Tun daga nan, duk Alhamis bayan azahar sai in hau keke in tafi. Ba ni da katin laburare, don haka ɗan nan ya ce, "Inna, ba za ki bi layin ɗalibai ba. Ta ƙofar masu gyara da ke cikin manhajar zan buɗe miki." Ya fi sau uku yana cewa in kawo waya ya saka min muryar. Na ƙi. Na ce waya tana faɗawa rijiya, ana sace ta a kasuwa, amma Malam ya sha faɗa min abin da ya shiga laburare ba ya ɓata. Gaskiyar kuma ita ce, tafiyar nake so. In yi wanka, in ɗaura zanen da yake so, in je wurinsa.

Shekara uku muna haka. Sai wata rana ɗan nan ya ce in huta na 'yan makonni, tsohuwar manhajar ta gaji, masu ita sun daina kula da ita, za a kwashe komai zuwa sabuwa. Na ce, "Har da Malam?" Ya ce, "Shi ne ma a gaba, Inna. Wa ake buɗewa kamarsa?"

Ranar da na koma, bai miƙo min abin sauraren ba. Ya rufe ƙofa, ya cire hula, ya durƙusa. Ya ce wuri bai isa a kwashe komai ba, sai aka yanke cewa abin da aka buɗe a shekarun nan kawai za a ɗauka. Manhajar ce ke ƙirga wanda ya buɗe abu. Amma mai kati take ƙirgawa, ba ta ƙirga ƙofar masu gyara. A wurinta, tun da makafin nan suka daina, babu wanda ya sake neman muryar Malam. Shi kuma bai duba jerin abin da za a ɗauka ba, don ya sakankance. An goge tsohuwar kwamfutar an kai wani sashe. Ajiyar ko-ta-kwana ma, wato kwafin da ake ɓoyewa don gudun ɓacewa, daga jerin nan aka yi ta.

Na ce, "Ɗana, shekara uku ina zuwa. Ba a ƙirga ni ba?"

Ya ce, "Ba a ƙirga ki ba, Inna. Ni na hana a ƙirga ki."

Ban yi masa faɗa ba. Girmama ni ya yi, ni kuma na ƙi kawo waya. Ya yi watanni yana bin tsofaffin na'urori da tsofaffin ɗaliban, bai samu komai ba. Har yau yana zuwa gaishe ni da salla, ba ya iya haɗa ido da ni.

Mutane sun ce in yi haƙuri, ai murya ce kawai, mai ita ma ya tafi. Na sani. Amma rasuwar farko an yi min zaman makoki, an kawo abinci, an yi addu'a. Ta biyun ni kaɗai na yi ta a cikin keke, daga ƙofar makaranta zuwa gida.

Abin da ya fi ci min rai yanzu, muryar tana gushe min. Kalmomin suna nan, amma in na tuna su da muryata nake jin su. Ɗazu na sa 'yata ta karanta min abin da ta rubuta. Da ta zo wurin ƙanzo, ta faɗe shi daidai, ba ta bar ko kalma ba. Na ce ta sake. Ta sake. Na ce ya isa, ta je ta jiƙa tukunyar.