Awa Huɗu Babu Yaya

Ni mutum ce mai ƙyama, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Ba na shan ruwa a kofin da wani ya sha, ba na taɓa ƙofar banɗakin ofis sai da takarda a hannu. Tun ina ƙarama 'yan gidanmu suka laƙaba min Gimbiya saboda wannan halin. Amma duk ƙazantar da na gani a duniya, babu wadda ta tayar min da zuciya kamar abin da muka yi wa Yayarmu a kan dutse, mu 'yan uwanta, da rana tsaka, kowa da sabon takalminsa a ƙafa.

Mu uku ne a wurin iyayenmu: Yaya, sai Injiniya, sai ni. Yaya tana da shekara goma sha bakwai mahaifiyarmu ta rasu. Ta tattara littattafanta ta zuba a kwali, ta shiga aiki a ɗakin wanki na wani otal, can ƙasan gini inda babu taga ko ɗaya. Shekara goma sha uku ta yi a tsaye tsakanin injinan wanki da tururin guga, har tafin hannunta ya yi kaushi kamar soson ƙarfe. Da hannun nan ta kai Injiniya jami'a, da shi ta aurar da ni. In ka nuna mata tabo a riga, kafin ka buɗe baki za ta gaya maka abin da ya zube da kuma maganinsa: jini sai ruwan sanyi, maiƙo sai ruwan zafi. Maza sun zo neman aurenta, ba za a ce ba su zo ba. Kowa ya zo sai ta ce ya bari ƙannenta su gama makaranta, shi kuwa ya gaji ya kama gabansa.

Mun gama makaranta ke nan, sai ɓarin jikin Baba ya shanye. Babu wanda ya zauna da Yaya ya tambaye ta ra'ayinta. Ita ce ba ta da miji, ita ce ke gida, shi ke nan magana ta ƙare. Ta bar otal ɗin, ta karɓi wani tsohon injin wanki da za su jefar, ta kafa shi a bayan kicin, tana karɓar wanki da guga daga mutanen layinmu don kada ta yi nisa da ɗakin Baba. Shekara tara ke nan.

Ni ina zuwa ranar Lahadi da ledar lemo. In zauna a kujerar bakin ƙofa, da hankici mai turare a hannuna, in yi minti ashirin in ce yara na jirana. Injiniya kuwa direba yake aikowa da famfas na manya, sannan in ya zauna cikin abokansa ka ji yana cewa, "Wallahi jinyar tsoho ba wasa ba ce, muna dai fama." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mutum ɗaya ne ke shiga gidan nan a kai a kai, shi ne Bakanike. Tun a otal suka san juna, shi ke gyara musu injina. Ya haura hamsin, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun girma, yana da sanƙo da baƙin mai a ƙarƙashin farata wanda ko kallonsa ba na son yi. Injin Yaya kuwa ya fi Baba yawan laulayi. Duk sati biyu sai ka tarar da Bakanike tsugune a bayan kicin ya zura kai cikinsa, Yaya na guga a gefe.

Zancen hutu Injiniya ne ya kawo shi. Ya kama wani gida a gindin dutse na kwana uku, ya ce a tafi har da Baba ya sha iska. Kowa ya yaba masa. Gaskiyar magana ita ce matarsa, wadda muke kira Madam, ba ta shiga kicin a lokacin hutu, Yaya kuma ba ta zuwa ko'ina ba tare da Baba ba. Keken Baba ya ƙi shiga motar Injiniya, sai Bakanike ya ce shi zai kai mu da tsohuwar bas ɗinsa.

A rana ta biyu aka shirya hawan dutse. Muna ɗaura takalma, Yaya na cika mana robobin ruwa, sai Bakanike ya ce, "Malama ba za ta hau ba ne?"

Injiniya ya yi dariya. "Yaya? Ai ita ba ta son irin waɗannan abubuwan."

Yaushe aka tambaye ta har aka san ba ta so? Daga cikin ɗaki Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya, da maganarsa da ke fita da ƙyar ya ce, "Ta je."

Madam dama ba ta da niyyar wahalar da ƙafarta. Ta ce, "Ki je, Yaya, ni zan zauna da shi. Me ke ciki? Ai kwance kawai yake."

Yaya ta ɗauki biro ta cika takarda gaba da baya, ta miƙa mata. A gabana Madam ta ɗora kofin shayinta a kai ba ta ko duba ba.

Hanyar matakala ce aka sassaƙa a jikin dutse, awa ɗaya da rabi zuwa sama. Injiniya na gaba da 'ya'yansa biyu yana ɗaukar hoto, ni a tsakiya ina haki, Yaya a baya da silifas ɗin roba. Sai da muka ci rabin hanya na waiwaya na ga jakar ruwa da burodi da dafaffen ƙwai duk a kafaɗarta suke. Ban karɓa ba. Bakanike ne ya zare jakar daga kafaɗarta ya rataya, ta tsaya tana kallon hannuwanta kamar an ƙwace mata wani abu. Bini-bini ta duba agogo. Waya ba ta da sabis a hanyar, in ba haka ba na san da tuni ta kira sau goma.

Saman dutsen da ake ta zuzutawa, ni dai abin da ya fara tarbata zarnin fitsari ne daga bayan wani falale. Robobi ko'ina, takardun goge hanci, ɓawon ayaba ya yi baƙi ƙudaje na bi, kowane sakarai ya rubuta sunansa da fenti. Na rasa inda zan zauna. Yaya kuwa ta je bakin ƙarfen da aka kewaye wurin da shi, ta tsaya tana kallon gonaki da rufin gidaje can ƙasa. Ba ta yi minti biyu ba ta sunkuya ta fara tsintar robobin mutane tana zubawa a leda.

"Malama, ajiye ledar nan," in ji Bakanike. Ya cire hularsa ya share gumin sanƙonsa. "Injiniya, Gimbiya, ku matso ku zama shaida. Malama, injinki lafiyarsa ƙalau. Shekara uku ke nan duk zuwan da na yi sai na sassauta masa waya ɗaya don in sami dalilin dawowa."

"Na sani," ta ce. "Waya ja ce, ta gefen hagu."

"To. Sau biyu na yi miki magana a bayan kicin, kika ce sai 'yan uwanki sun ji. Ga su nan sun ji. Ina son ki aure ni."

Ya ciro zobe daga 'yar ledar da yake zuba kusoshi. Yaya ta dube shi, ta dube mu. A shekara arba'in ɗin da ta yi a duniya ban taɓa ganin ta ji kunya irin ta 'yan mata ba sai ranar. Ta ce, "Na amince, Malam."

Kun san abin da ƙaninta ya fara cewa, ƙanin da ta wanke zannuwan gadon baƙi ta kai shi jami'a? Ko barka bai ce ba.

"To Baba fa?"

Na ji kamar in tofa masa yawu. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wallahi kalmomin nan uku suna kan harshena, riga ni kawai ya yi.

Kafin kowa ya amsa, wayar Injiniya ta kama ruri, ashe a saman akwai sabis. Madam ce, kuma ya saka ta a sifika.

"Ina Yaya? Tun ɗazu nake kira! Baba ya ɓata jikinsa, duk gadon ya lalace. Na rufo masa ƙofa, wari ya hana ni shiga. Ta sauko yanzu, don Allah, zuciyata tashi take!"

Ni da Injiniya muka juya muka zuba wa Yaya ido, kamar yadda muka saba tun muna yara in wani abu ya zube a ƙasa.

"Yaya, sai ki hanzarta," ya ce. "Wannan maganar a yi ta in an koma gida."

Har ta gyara ɗaurin zaninta, har ta sa ƙafa ɗaya a matakalar farko. Bakanike yana tsaye da zobensa a tafin hannu. Sai ta tsaya. Ta daɗe a haka, ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Daga nan ta dawo, ta sami wani dutse ta zauna, ta harɗe hannuwanta a cinya.

"Ku biyu ne," ta ce. "Ubanku ne. Safar hannu da sabulu suna cikin shuɗiyar jaka. Ruwan ɗumi, kada ya yi zafi. A fara mirgina shi ta gefen dama."

"Haba Yaya, ni namiji ne, ina na iya wannan?"

"Baba ma namiji ne."

Sai ya fara zancen gwiwarsa, da cewa ba za a bar yara su sauka su kaɗai ba. Ni na tafi. Kada ku ɗauka kirki ne ya sa, fuskar ɗan uwana ce na kasa ci gaba da kallo, don tawa nake gani a cikinta.

Na tarar da Madam a baranda tana fesa turare a iska. Na wuce ta. Ina buɗe ƙofar ɗakin warin ya doke ni, na ruga banɗaki na amayar da duk abin da na ci da safe. Na kuskure baki, na sa safar hannu, na dawo. Baba ya juya fuskarsa bango. Sama da awa biyu ya yi kwance a cikin abin nan, tagogi a rufe, yana jin surukarsa na fesa turare a waje.

Na yi aikin kamar wadda ba ta da hannu. Na zubar da ruwa a katifa, na mirgina shi ta gefen da aka ce kada a fara, na sake komawa banɗaki sau ɗaya. Da na cire masa riga zan goge bayansa, sai na tsaya. Wata nas ta taɓa gaya min cewa majinyacin da ba a juya shi duk awa biyu, cikin 'yan makonni fatar bayansa take tsagewa ta zama gyambo. Shekarar Baba tara a kwance. Bayansa sumul, ko ɗan ƙurji babu. Na fara ƙirga sau nawa ke nan aka juya shi, na kasa, na bari.

"Gimbiya," ya ce, bai juyo ba. "Ya faɗa mata?"

"Ya faɗa, Baba."

"Ta amsa?"

"Ta amsa."

Ya yi ajiyar zuciya mai tsawo, kafaɗarsa ta saki a ƙarƙashin hannuna.

"Alhamdulillahi. Shekara uku ke nan ina roƙon Allah Ya ɗauke ni, ko ta samu ta tafi. Ban ga wata hanya ba."

Yana da ɗa injiniya, yana da 'ya mai ofis da kujera mai juyawa, amma mutuwarsa kaɗai ya hango a matsayin hanya. Na tsaya da tsumma a hannu, hawaye na zuba cikin roba, babu halin in share saboda safar hannun.

Can ya ce ruwan ya huce, in ƙaro mai ɗumi. Na fita baranda, na ɗaga kofin shayin Madam, na zaro takardar Yaya da shacin kofi a tsakiyarta, na tafi kicin ina karantawa tun daga layin farko.